Meta Quest ko laptop, wanne ya fi wajen kallon furotin?

Ɗan uwa da ka tambaya ko ka tara kuɗi ka sayi Meta Quest, na'urar VR ɗin nan da ake ɗaurawa a ido a ga abu kamar a zahiri, saboda karatun bayokemistiri ko laptop ɗinka ya isa, ga yadda nake ganin abin.

A laptop ka sauke manhajar kallon furotin, wato ChimeraX na jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, kyauta ne ga ɗalibi, ko PyMOL, sai ka shiga Protein Data Bank, rumbun sifofin furotin a intanet, ka ɗauko 2HBS, wato himogulobin na mai sikila. Za ka juya shi da linzami, ka auna tazara, ka ɗau hoto ka sa a furojet. Matsalar dai zurfi ne, muddin kana juyawa kana ganewa, da ka saki sai komai ya manne kamar zanen atamfa. PyMOL na da saitin tabarau ja da shuɗi na kwali, yana ɗan taimakawa amma launuka su lalace.

Ita kuwa na'urar VR ta 'yan gem kowane ido da hotonsa, kuma in ka karkata kai hoton na binka, to a nan ne za ka buɗa furotin ɗin ya kai girman ɗaki ka cusa kai ciki, ka ga valine ɗin nan da ya maye gurbin glutamic acid (dukansu tubalan ginin furotin ne) a wuri na 6 na sarƙar beta ta himogulobin yadda ya shige cikin lungun maƙwabcinsa, wanda shi ne ke sa su jeru su sandare har ƙwayar jini ta lanƙwashe. Wallahi wanda ke da mai sikila a gida in ya ga wannan sai jikinsa ya yi sanyi. Allo bai ba ka haka.

Amma fa Quest 2 lokacin da ya fito a 2020 dala 299 aka sayar da shi tun a can, ban da kuɗin kawowa, batir awa biyu zuwa uku, ga jiri ga zufa, ba ka iya rubutu. Manhajar Nanome tana aiki a kan na'urar kanta, shi kuwa ChimeraX sai ka haɗa da kwamfuta mai katin girafik mai ƙarfi.

Kar wani ya tallata maka tsohon tabarau na Nvidia 3D Vision, kamfanin ya daina tallafa masa tun 2019.

Ni dai shawarata ka ƙara wa laptop ɗin RAM ka ƙware a ChimeraX tukuna, domin da shi za ka yi aikin kullum. Na'urar kuma ku roƙi sashenku ya sayi guda ɗaya ku riƙa karɓa-karɓa.