Kan dodon wasa: soso, roba, faiba ko mai iska, wanne zai jure zafin Kebbi?

Sana'ata ba da hayar kayan biki ce a Birnin Kebbi, rumfa da kujeru da lasifika. Daga baya aka ƙara mini da kayan dodon wasa, wanda yara ke kira kartun, 'yan boko kuma su ce maskot. Makarantun kuɗi ne suka fara jawo ni ciki, don ranar yaye ɗalibai da ranar wasannin motsa jiki, sai masu buɗe sabon shago suka biyo baya. Yanzu kusan duk wata sai wani ya kira ni yana neman shawarar wanda zai saya. Rigar ba ta da wuyar sha'ani, kowane tela mai hannu zai ɗinka ta. Kan ne ke cin kuɗi, kuma a kansa ake tafka asara.

Na farko da na saya zaki ne, a hoto na gan shi a waya, na tura kuɗi aka ɗoro mini shi a mota. Kyau kam ba a magana. Ranar da muka fara fita da shi cikin watan Afrilu ne, a filin wata makaranta. Ko minti goma sha biyar ba a yi ba na ga zakin yana tangaɗi, ya nufo ni yana lalube. Na cire masa kan, sai ga yarona jiƙe sharkaf, ido ja wur.

"Maigida, wallahi numfashina ke ɗaukewa, kuma ban ganin ƙasa," in ji shi.

Muka zuba masa ruwa, aka ajiye kan a but ɗin mota. Da yamma na buɗe, kunne ɗaya ya faɗi, hancin ya zame gefe. Ashe da gam ɗin kyandir aka manna komai, irin wanda ake narkawa da 'yar bindigar gam ta lantarki, shi kuwa ba sai mota ta kwana uku a rana ba, yini ɗaya ya isa ya sassauta shi. Tun ranar, duk kan da aka miƙo mini sai na kifa shi na leƙa cikinsa kafin in dubi fuskarsa.

Mafi yawan kan da ke yawo a kasuwa na soso ne, irin sosan katifa da kushin. Ana yanka shi falle-falle a haɗa da gam, ko a sassaƙa dunƙulensa da almakashi har kumatu da goshi su fito, sannan a lulluɓe da yadi. Ba shi da nauyi, in ya faɗi ba ya fashewa, in yaro ya kai masa naushi (kuma za su kai, wannan ba makawa) yana komawa yadda yake. Gyaransa ma a gida yake, mai ɗinkin kushin na unguwa zai iya. Aibinsa shan gumi. Yakan tsotse zufar mai sanyawa ya riƙe, in ba a shanya shi sosai ba bayan fita uku ko huɗu warinsa sai ya kori mutum, da damina kuma ya yi fumfuna. Rana tana sa shi ya yi rawaya, da daɗewa ya fara marmashewa kamar busasshen burodi. Sannan soso suna ya tara. Mai laushi ƙwarai, wanda in ka matsa da yatsa ramin ke jinkirin cikewa, bayan wata kaɗan kumatun dodon za su zube ya koma kamar tsohon da ya yi jinya. A nemi mai tauri, kaurinsa kamar inci ɗaya a jikin ƙoƙon.

Akwai wani sosan da ya fi wannan dacewa da mu, mai manyan ƙofofi kamar saƙar zuma, irin wanda ake sawa a matatar ruwan kifi da matatar iska. Ka kara shi a baki ka hura, iska za ta fita ta ɗaya gefen ba tare da wahala ba. Ba ya riƙe ruwa, ana wanke shi ya bushe da wuri. Masu ƙera kai na ƙwarai a waje suna yawan aiki da shi. Ya fi tsada, kuma samunsa a nan sai an yi oda, amma in za ka riƙa fita da dodo daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, kuɗin bai tafi a banza ba. Ko da ba a yi dukan kan da shi ba, a roƙi maƙerin ya sa shi a tsakar ka da ƙeya, inda zafi ke taruwa.

Sai robar da ake kira EVA, wadda kowa ya sani ko da bai san sunanta ba, ita ce ta tafin silifa da tabarmar wasan yara mai haɗe-haɗe. Ana gasa ta da iska mai zafi ta lanƙwasu, in ta huce ta tsaya a haka. Tana riƙe siffa fiye da soso, gefenta na fita tsaf, don haka ta fi kyau ga dodon da ba dabba ba, kamar buhun shinkafa mai ido da baki, ko kwalbar lemo, ko wayar hannu. Wasu 'yan kasuwa dama irin wannan suke nema, ba sa son siffar abu mai rai a ƙofar shagonsu, kuma na fahimce su. Ba ta shan gumi ko kaɗan, goge ta kawai za ka yi. To amma yadda ruwa ba ya shigarta haka iska ma ba ta ratsa ta. Kan roba marar ƙofofin iska tukunya ce da murfi. Ka ɗaga shi sama ka duba ta ciki, in ba ka ga haske yana shigowa ta tsakar ka ko ta cikin kunnuwa ba, ajiye musu abinsu.

Faiba ita ce mai ɗaukar ido. Zaren gilashi ne ake shimfiɗawa a cikin mazubi a shafe da wani ruwan gam mai ƙarfin wari, ya daskare ya yi tauri, a goge a fesa fenti ya riƙa ƙyalli kamar jikin sabuwar mota. Tana shekaru ba ta sauya kama ba. Duk da haka ba na ba ɗan haya shawarar saye. Ta fi sauran nauyi a wuya, in ta faɗo daga kan keke Napep ta tsage gyaran sai mai aikin faiba, in ba a lulluɓe cikin da kyau ba zaren yana sa ƙaiƙayi, kuma dodo in ya sunkuya ya ƙwala wa yarinya 'yar shekara huɗu goshi da ita, biki ya tashi. Inda take da amfani shi ne kamfanin da ke da siffa ɗaya tilo da ba ya son ta canja, yana da motar ɗaukarta da akwatin ajiyarta. Akwai 'yar'uwarta ta roba mai tauri da inji ke zuƙewa a kan mazubi, ta fi ta sauƙin nauyi, sai dai kuɗin yin mazubin bai biyan wanda ke son kai ɗaya.

Na takarda da sitaci, irin wanda malaman zane ke yi da ɗalibai, na yini ɗaya ne. Gumi na jiƙa shi, ɓera da kyankyaso na cin sitacin. Farin kumfan nan da ake kunso firiji da talabijin a kwali shi ma ana sassaƙa kai da shi, ba nauyi sam, amma yana ɓarewa, kuma fetur ko gam ɗin masu gyaran takalmi na taɓa shi zai narke a gabanka.

Mai iska dabam yake, domin kai da jiki a haɗe suke. Yadi ne marar nauyi, da 'yar fanka a ƙugu da ke hura shi ya kumbura, mutum na tsaye a ciki iska na kewaya shi. Wajen zafi ya fi duk sauran sauƙi, ga shi ana naɗe shi a jaka, wanda ke rage kuɗin dako ƙwarai, tunda masu kawo kaya ta jirgin sama daga Sin suna lissafa girman kwali, ba nauyi kaɗai ba, kan soso kuwa kusan duk iska ce kake biya wa kuɗi. Amma batir na mutuwa dodo zai lanƙwashe a tsakiyar fili yara na dariya, ƙaya ɗaya ko bakin kwano ya isa ya huda shi, kuma ranar iska mai ƙarfi mai sanyawa kokawa zai yi ta yi. Ya yi daidai da ƙofar shago mai siminti. Filin ƙwallo mai ƙarangiya ba wurinsa ba ne.

Duk wanda ka zaɓa, abin da ke riƙe shi a kan mutum ya fi kayan da aka yi shi da su muhimmanci. Mai araha za ka tarar zoben soso kawai aka manna a ciki, kan yana zaune yana rawa, mai sanyawa ya juya hagu dodo yana kallon dama, dole ya riƙa tallafe haɓa da hannu ɗaya. Na kirki akwai hular kwano a ciki, irin ta masu keke, da igiyar haɓa da abin ɗaurewa a ƙeya da ake ƙarawa ko ragewa, saboda yau wannan yaro ne zai sa gobe wancan. Ka sa shi da kanka, ka gyaɗa kai, ka girgiza, ka sunkuya kamar za ka ɗauki abu a ƙasa. In ya zamo ya rufe maka ido, haka zai yi a gaban jama'a. Ka lura da inda nauyin ya karkata kuma. Bayan gasar cin kofin Afirka da aka buga a Kwaddibuwa a farkon 2024, wadda dodonta giwa ce mai suna Akwaba, na sami masu tambayar kan giwa. Hanci mai tsawo da haure duk a gaba suke, suna jan wuya ƙasa. Kai mai kilo biyu da ya zauna daidai ya fi mai kilo ɗaya da rabi da ke rinjaya gaba daɗin ɗauka.

Gani kuma galibi ta baki ake yi ko ta ido, an toshe da baƙar raga yadda na ciki ke ganin waje na waje ba ya ganinsa. Na fi son na baki, don ƙofar ta fi faɗi, ta nan iska ke shiga, kuma ta fi kallon ƙasa inda yara suke. Wanda aka rufe idonsa da farar roba mai kama da gilashi numfashi na sa ta yi hazo cikin minti kaɗan. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, in ajiye takalmi taku biyu a gabana, in ban gan shi ba sai na sunkuya sosai to ba zan ga yaro ba. Ko mai kyan ganin ma, ba a sakin dodo shi kaɗai, sai da wanda zai riƙa tafiya gefensa yana kore masu jan wutsiya.

Fanka ƙarama irin ta cikin kwamfuta ake sawa a tsakar ka. A tabbata tana fitar da zafi waje ne, ba kaɗa shi take yi a ciki ba. Wadda ke aiki da wayar caja ta USB ta fi sauƙi a nan, kowane fawa bank zai ja ta, a sa shi a aljihun ƙugu maimakon a rataye batir kusa da kunne. Fanka dai ba ta mayar da kai ɗakin sanyi. Yarana ba sa wuce minti ashirin a ciki, da bazara ma goma zuwa sha biyar, su fito su sha ruwa wani ya karɓa. Da azumi ba na karɓar aikin rana gaba ɗaya.

Yadin waje shi ne inda ido ke yaudarar mai saye. Dogon gashi na da kyau a hoto, amma ƙurar hunturu na shiga ta zauna, fari ya koma ruwan ƙasa a fita ɗaya. Wani ya taɓa kawo mini oda yana son kan giwan ruwa don ya yi tallan kayansa lokacin bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake yi tun 1934 kuma yakan faɗo wajen Fabrairu ko Maris, daidai inda ƙura ba ta gama tafiya ba zafi kuma ya fara. Duk wanda ya san turmutsutsun bakin kogin Matan Fada, inda ake kamun, ya san yadi mai gashi ba zai kai azahar ba. Muka yi shi da roba, muka lulluɓe da yadi mai santsi ruwan toka da ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Ga dabbobi, gajeren gashi ko yadi mai laushi irin na bargon jarirai ya fi. Ka ja kunne, ka ja gira, ka buɗa gashin ka dubi haɗin: ɗinki ne ko manni? Ɗinki ya fi. In manni ne, ya zama gam irin Evo-Stik da ake shafa wa gefe biyu a bari ya sha iska kafin a haɗa. Soso da yadin gashi duk wuta na kama su da sauri kuma hayaƙinsu guba ne, don haka dodo ba ya kusantar tukubar mai tsire ko yara masu wasan wuta.

Wata shugabar makaranta ta tambaye ni kwanan baya wanne za ta saya, sau uku kawai suke buƙatarsa a shekara. Na ce, "Hajiya, ki ɗauki na soso mai tauri, gajeren gashi, da hular kwano a ciki, gani ta baki. Ki sa a ɗinka miki hular ciki guda biyu da ake cirewa a wanke." Ga ɗan haya irina mai fita kowane mako, soso mai ƙofofi ko roba mai fanka. In daga nesa za a aiko, kada a yarda da hoton fuska, a ce mai sayarwa ya ɗauki bidiyon cikin kan, ya sa shi ya yi tsalle, ya ɗora shi a sikeli, ya auna faɗinsa da tef. Faɗin nan na da muhimmanci, don na taɓa ganin kan da ya ƙi shiga ƙofar aji sai da aka karkata shi. A kuma ja wa direba kunne kada ya ɗora buhu a kan kwalin.

Bayan kowace fita muna fesa cikin da sifirit da aka sirka da ɗan ruwa, mu kifa shi a kan bokiti a inuwa gaban fanka har ya bushe, sannan a sa shi a jakar yadi, ba leda ba, a ɗora a kan kabad inda ɓera bai kai. Zakin nan na farko yana nan har yau. Mai kushin ya cire gam ɗin kyandir ɗin duka ya ɗinke kunnuwan, muka huda tsakar kan muka sa raga da fanka, amma da hunturu kawai yake fita.