Jirgin Tema zuwa Mpakadan: na zamani ne, amma gas yake sha

Layin dogon Tema zuwa Mpakadan a ƙasar Ghana, mai kimanin kilomita 97, an buɗe shi a Nuwamba 2024. Faɗin tsakanin ƙarafunansa milimita 1,435 ne, na tsohon layin Accra kuwa 1,067, don haka jirgin wannan ba ya hawa wancan. Mutumin unguwar Nima a Accra sai ya fara shiga trotro (motar haya) zuwa Tema ko Ashaiman tukuna, kuma wannan ne babban cikas.

Jiragen ƙirar kamfanin PESA ne daga ƙasar Polan. Ba su da kan jirgi daban. Injin yana jikin taragon, da ɗakin direba a kowane ɓangare, shi ya sa ba a ɓata lokacin juya kai a tasha. An shimfiɗa layin kan kankare maimakon katako, ba ruwansa da gara.

Sai dai gas, wato dizal, suke sha, ba lantarki ba. In aka raba hayaƙin ga fasinjoji, na kowane ɗaya bai kai na mota ba, amma fa sai tarago ya cika.

Inda ake jin tsoro shi ne mahaɗar dogo da hanya. A gwajin Afrilu 2024 jirgin ya daki babbar motar da aka bari kan layi. Ƙarfe kan ƙarfe santsi gare shi, birki ba ya kamawa nan take.