Sabbin rim a Hilux ɗina: kaya mai kyau, ɗaurin ganganci

Maganar gaskiya, rim ɗin nan sun yi kyau. Baƙaƙe ne na aluminiyam, inci 17, faɗinsu inci 9, kuma tunda aka ɗaura su motar ta canza kama. Hilux ce ƙirar 2012, wadda ake ce wa Vigo, da ita nake ɗauko riɗi daga ƙauyukan Jigawa zuwa Dawanau. Ɗaya daga cikin rim ɗinta na asali ne ya tsage a rami, na nemi irinsa na Beljiyam, kuɗin da aka yanka mini kan guda ɗaya tak ya sa na ga gara in ciko in ɗauki sabbi huɗu. Farashi kuwa duk mai Hilux ya san yadda kasuwa take yanzu.

Mai shagon ya karɓe ni hannu bibbiyu. Na tambaye shi ko za su zauna daidai, ya ce, "Haba Alhaji, huda shida ce, duk Hilux haka take, ɗaurawa kawai za a yi." A kan tawa motar dai bai yi ƙarya ba, 6x139.7 ne, wato huda shida a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7, hudojin sun hau. Yaransa suka kwance tsofaffin, suka ɗaura sabbin da notin da suka cire, suka matse da bindigar iska, na biya na tafi.

Ina hawa babban titi, da na kai gudun 90 sai sitiyari ya fara rawa a hannuna. Na koma, aka ce balansin ne. Aka yi, na sake biya, rawar ta ragu kaɗan amma ba ta tafi ba. Ya ce sabon abu ne, zai zauna.

Ranar da abin ya faru na taso daga Maigatari da lodi, ɗan ƙanena yana gefena. Mun wuce Gumel kenan na fara jin ƙwas-ƙwas daga baya ta hagu, motar tana ɗan lilo. Na sauka gefen titi a hankali. Wallahi da na duba sai da ƙafafuna suka yi sanyi: ƙusoshi biyu da ake ɗaura noti a kansu sun karye, sauran notin huɗu da yatsa nake juya su. Tayar nan saura ƙiris ta fita, ga lodi, ga yaron mutane a mota, ga manyan motoci suna tahowa. Allah ne kawai ya tsare.

Wani dattijo mai faci a bakin hanya ya zo da jak ɗinsa. Yana ɗaukar noti ɗaya ya juya shi, ya leƙa hudar rim ɗin, ya ce, "Alhaji, wa ya ɗaura maka wannan?" Shi ya nuna mini cewa notin Toyota na rim ɗin aluminiyam na asali mai washa ne, wato ɗan faifan ƙarfe a gindinsa, shimfiɗaɗɗe yake zama, su kuwa sabbin rim ɗin bakin hudarsu a zurme yake kamar mazurari, sai noti mai tsinin baki. Wato tun ranar farko notin bai taɓa zama a mazauninsa ba, ɗan gefensa kawai ke riƙe da tayar, kowane rami na ƙara sassauta shi. Har ya fara cin bakin hudojin. Mutumin da sana'arsa kenan, kullum yana sayar da rim, a ce bai san wannan ba? Ko ya sani ya ƙi faɗa don kada in ce ya haɗa mini da noti 24 a cikin kuɗin? Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Bakanikena ne ya gano dalilin rawar sitiyarin. Ramin tsakiya na sabbin rim ɗin milimita 110 ne, na Hilux kuwa 106.1, don haka rim ɗin ba ya zama a kan cibiya, sai an sa zobe ya cike giɓin. A Ƙofar Ruwa muka samo zoben da notin da ya dace, aka canza duk ƙusoshin ƙafar bayan nan, aka ɗaure da hannu. Tun daga nan sitiyari ya tsaya cak, ko a gudun 110 babu motsi. Sun sha lodi, sun sha ramuka, babu wanda ya lanƙwashe, fentin ma bai kwaile ba. Kayan kansu ba ni da abin cewa a kansu, zan iya ba su huɗu cikin biyar.

Sai dai da na koma wa mai shagon da karyayyun ƙusoshin a hannuna, ko sannu bai ce mini ba. Cewa ya yi lodi na yi wa motar da yawa. Lodi ne ya kwance noti a ƙafafu huɗu? Don sauran ukun ma da aka duba duk sun saki.

Kuma akwai abin da bai gaya mini ba. A bayan rim ɗin asali an rubuta ET30, waɗannan ET0 ne (lambar ET ita ke nuna yadda rim ke shigewa ciki, in ta ragu sai ya fito waje), ga ƙarin faɗi, sai tayoyin suka fito waje kusan santimita 5. In na karya sitiyari har ƙarshe, tayar gaba tana gugar madigadi, ina jin ƙarar har cikin raina. Da damina kuwa laka har gilashin ƙofa take watsowa. Sannan sifanar da ta zo da motar, mai lamba 21, ba ta kama sabbin notin, sai da na sayi wata, wanda da a daji na yi faci da dare da na kwana a can. In aka haɗa zobe, noti, ƙusoshi, balansin da sifana, da rim ɗin Beljiyam guda ɗayan nan na saya da na huta. Na sauko da rim ɗin zuwa uku cikin biyar, shagon kuma ko bawul ba zan ƙara saya a wurinsa ba.