Kafin ka ba da aikin zane: wa za ka ɗauka, me za ka rubuta masa?

Ƙanwata na sayar da yajin daddawa a Tudun Wada. Bara ta so a yi mata sitikar da za ta manna wa robobinta, sai ta tura wa wani mai zane saƙon murya: "Don Allah a yi mini mai kyau, wadda za ta ɗauki ido." Iyakar bayanin ke nan. Da aiki ya iso, harafin ƙ na "ƙamshi" ya fito ɗan akwati fanko, wuƙar yanka kuma ta cinye lambar ƙarshe ta wayarta. Raina ya ɓaci ƙwarai, don daga jarinta ta cire kuɗin.

Mai ƙaramar sana'a a Kaduna yana da hanya uku. Mafi sauƙi ita ce ka yi da kanka a Canva, wata manhajar zane ta waya da kwamfuta. Idan tallar a Facebook ko WhatsApp za ta tsaya, ya wadatar. Amma allon waya da haske yake haɗa launi, wato RGB, injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki, CMYK. Shi ya sa koren da ke walƙiya a wayarka yake dusashewa a takarda.

Sai mai zanen da ke zaune a shagon buga takardu, irin waɗanda ake samu a cikin gari kusa da Ahmadu Bello Way. Yawanci da manhajar zane ta CorelDRAW suke aiki, sun san halin injinsu, suna da sauri. Katin biki, kalandar walima, fosta, bana: nan zan kai ka. Sai dai layi ne a bayanka, ba shi da lokacin yi maka tambayoyi. Abin da ka kawo shi zai zuba. Duk wanda ya zaɓi wannan hanya, shi ya fi kowa buƙatar rubutaccen bayani.

Akwai kuma mai zane mai zaman kansa, wani ma ya karanci fannin a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ya fi tsada, yana ɗaukar kwanaki. Tambarin sana'a da za ka yi shekaru da shi ne ya cancanci wannan kuɗin. Na kirki zai fara tambayarka su wa ke sayen kayanka tun kafin ya yi maganar farashi.

Ko wa ka ɗauka, ka rubuta. Saƙon murya yana shigewa, rubutu kuwa shaida ne tsakaninku. Fara da kalmomin da za su fito, harafi bayan harafi, ka kuma ce a zaɓi salon rubutu mai ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ, domin da yawa ba su da su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: ƙasa daban, kasa daban. Faɗi girma da lamba. Takarda mai girman A5 milimita 148 ce da 210, bana da ƙafa ake auna ta, robar yaji kuwa sai ka zagaya ta da tef ɗin tela. Ce a bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, rubutu kuma ya ja baya daga baki. Idan kayan abinci ne masu rajistar NAFDAC, a ware wa lambar wurinta.

Sannan ka bayyana mai saye. Uwar gida da ke cefane a Kasuwar Barci daga ɗan nesa za ta hango robar, ba ta da lokacin karanta layi goma. Tura zane biyu da suka burge ka da ɗaya da ba ka so, ka faɗi dalili. Hotunan kayanka ka aika su a matsayin fayil, don WhatsApp na matse hoto ya rage masa kaifi.

A takardar nan dai ku rubuta ranar karɓa, sau nawa za a yi gyara kafin a ƙara kuɗi, da cewa za a ba ka PDF da asalin fayil ɗin aikin. A karo na biyu ƙanwata shagon bugu ta koma da bayaninta a shafi guda. Ta sa aka buga sitika ɗaya tak, ta manna a roba, ta kira lambar da ke jiki ta ji wayarta ta yi ƙara, sannan ta ce a buga sauran.