Tsohuwar hedikwata: a rushe a gina mai gilashi, ko a gyara?

Wa alaikumus salam. Alhaji, ku gyara. Tsakanin rushe hedikwatar ƙungiyar taku a kafa sabuwa mai gilashi, da gyara ta don ta rage shan wuta da fitar da hayaƙin kabon kamar yadda masu tallafa muku suka nema, ni ban ga abin dogon taro ba, muddin ginshiƙai da dakalin bene lafiyarsu ƙalau.

Tunda ka ce ginin na shekarun 1970 ne a Kaduna, ko ban gan shi ba na san irinsa, don a cikin ɗan'uwansa nake aiki. Masu zanen wancan zamani ba su dogara da na'urar sanyaya ɗaki ba. Sukan juya doguwar fuskar gini kudu da arewa, su fitar da baranda mai faɗi, su jera haƙarƙarin kankare a gaban taga don tare rana, su ɗaga silin, sannan su bar ƙananan kafofi can kusa da rufi inda iska mai zafi za ta fice. Duk wanda ya zaga tsofaffin gine-ginen Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ya ga irin wannan aiki.

Namu, waɗanda suka riga mu zama sun toshe kafofin da falanki, sun yanka baranda sun mai da ita ƙananan ofisoshi, aka bi kowane ɗaki aka maƙala esi. Ranar da kafinta ya ɓamɓare falankin farko a saman bene, tsohuwar sheƙar tsuntsu da ƙura suka zubo masa a ka, yana kakkaɓe hula sai ga takardun teburin akawu sun fara tashi. Iska ce ta ratso daga wannan bango zuwa wancan. Akawun nan, dattijo ne mai wuyar yabo, ya danne takardunsa da kofin shayi ya ce, "Ashe ginin yana numfashi." Bayan haka muka shafa wa rufi farin fenti, aka shimfiɗa abin tare zafi a bayan silin, aka sauya kwayayen wuta zuwa LED, aka bar esi a ɗakin taro da ɗakin kwamfutoci da 'yan ofisoshin da ke kallon yamma. Sai da muka ga abin da mita ke nunawa bayan duk wannan, sannan muka sake kiran mai sola. Lissafin da ya yi mana tun farko ya zube sosai, don nauyin da za a ɗora wa batir ya ragu. Lokacin hunturu fanka ma ba kowa ke kunnawa ba. Maris da Afrilu kam dole esi ya yi aiki. Janareta yana nan, amma sai hadari ya kwana biyu a Agusta ake jin muryarsa.

Sabon gini mai gilashi yana da kyau a hoto, kuma za ku samu sababbin wayoyi da famfuna. Iyakar yabona ke nan. Mun taɓa zaman haya a irinsa: da azahar ba ka iya jingina da tagar yamma, in wuta ta ɗauke kuwa kowa sai ya kwashi takardunsa ya sauko ƙasa, don tagogin ba sa buɗuwa. Ka tuna a Afrilun 2024 kuɗin wutar masu Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, ya tashi daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit. Gini mai rayuwa da esi tun safe har yamma, a irin wannan farashi da na dizal, ku za ku riƙa ciyar da shi har abada. Ga kuɗin hayar wani wuri tsawon lokacin da ake gini, wanda ba kasafai ɗan kwangila ke sa shi a lissafi ba.

Batun kabon ma gyara ne ke gaba, kuma nan mutane suka fi yin kuskure, don suna ƙirga hayaƙin janareta kawai. Yin siminti shi kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya. Ba man da ake ƙonawa a masana'anta kaɗai ba ne, shi kansa dutsen farar ƙasa in aka gasa shi kabon yake saki. Kankaren da ke jikin gininku an riga an biya wannan bashi tun shekaru hamsin. In kun rushe, sai ku ciwo sabon bashi: siminti, rodi, gilashi, alminiyam, da tifofin da za su kwashe ɓaraguzai su kawo yashi. Sabon ginin zai ɗauki shekaru masu yawa yana tsimin wuta kafin ya biya. Ko a Amurka, benen Empire State na New York da aka gama a 1931, gyara shi aka yi daga 2009. Tagoginsa 6,514 ba a zubar ba, a cikin ginin aka kwance su aka inganta aka mayar, da burin rage shan makamashi da kashi 38 cikin 100.

Abu ɗaya ne zai sa in sauya magana. In injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ya duba ya ce rodi ya yi tsatsa har kankare na farfashewa a ginshiƙai, ko tushe ya zauna, to a sake shawara. Amma ku ɗauko injiniyan da kanku ku biya shi, kada ya zama yaron ɗan kwangilar da ke son aikin rusau. Sannan gini mai waɗannan shekaru da wuya a rasa silin ko kwanon asbestos. Kada a bar leburori su farfasa shi da guduma, ƙurarsa na lalata huhu. A jiƙa shi, a cire ɗai-ɗai, da abin rufe hanci na gaske.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sola. Akwai fanel da aka manna wa takardar wat 550 alhali bai kai ba, a sa a gwada muku shi a rana tsaka kuna tsaye. Akwai batirin litiyam da aka haɗa da tsofaffin ƙwayoyi aka sa a sabon akwati, don haka garanti ya zama a rubuce, da hatimin shago mai adireshi. Esi na gwanjo mai tsohon gas R22 ma ku bar shi ko da araha. Wanda kuma ya zo da takarda mai koren tambari ya ce ku biya a rubuta ginin ba ya fitar da kabon, ku tambaye shi wa ya auna. In shaida masu tallafi ke so, akwai EDGE, takardar shaidar gini mai tsimin makamashi ta IFC, wani reshe na Bankin Duniya: matakin farko rage kashi 20 cikin 100 ne na wuta da ruwa da kayan gini, matakin rashin kabon kuwa sai tsimin wuta ya kai kashi 40, sauran kuma a cike da sola ko a biya diyyarsa.

Kafin a sa hannu a kwangila, a rubuta ƙarara cewa tsofaffin ƙofofin katako, firam ɗin tagogi da wayoyin tagulla da aka cire mallakin ƙungiya ne. In ba haka ba, da sunan kwashe shara za a loda su a mota, a ga ƙofofinku a kasuwa mako mai zuwa. Daɓen tarazo kuwa kada ku yarda a rufe shi da tayil, a wanke a goge shi kawai.