Mai gyaran salula a kasuwar Dole da bai tambayar kod ɗinka

Jama'ar Damagaram bari in ba ku labarin wani shagon gyaran salula da ke cikin kasuwar Dole, ɗan ƙaramin shago ne mutum uku in sun shiga ya cika, amma wallahi yaron ya san aikinshi.

WhatsApp ɗin gwaggona aka sace. Wani ya kira ta wai ya yi kuskure lambobi 6 sun shigo wayarta ta taimaka ta karanta mishi, ita kuma baiwar Allah ta karanta, ashe kod ɗin shiga WhatsApp ɗinta ne, kafin la'asar har an fara tura ma ƴan uwa saƙo da sunanta ana roƙon kuɗi wai tana likita. Da muka je yaron ya duba ya ce Hajiya ɓarawon ya riga ya sa PIN nashi, sai an jira kwana 7 sannan ki shiga, duk wanda ya ce zai buɗe miki yau kuɗinki zai ci. Ko dala bai karɓa ba ranar. Da kwanakin suka cika ya maido mata, ya sa ta zaɓi PIN da hannunta ya kau da kai, jikka ɗaya kawai ya amsa.

Na tambaye shi ina suke samun lambobin mutane, ya tuna min da abin da ya faru a 2021 da bayanan mutum miliyan 533 na Facebook suka bazu a intanet har da lambobin waya, balle grup-grup ɗin da ake zuba mu ciki ba a tambaye mu ba. Abin da ya fi tada min hankali maganar AI, yanzu ana iya kwaikwayon muryar mutum daga vokal ɗin da ya tura, mu kuma nan kusan komai da vokal muke yi, tsofaffinmu da yawa ba sa rubutu. Ya ce in an roƙe ka kuɗi katse ka kira mutumin ta layi.

Na koma da tawa canjin ekiran, gabana ya yi, bai ce in ba shi kod ba, wasu kuwa sai ka bar musu waya a buɗe da hotunan iyalinka. Matsalarshi jira, babu wurin zama, in aka ɗauke wuta aiki ya tsaya, kuma ranar Alhamis kar ma ka je don cinkoso.