Gidan raino ko 'yar raino a gida? Duka biyun na gwada

'Yar'uwa, tunda watan yarinyar biyar kuma hutun haihuwarki ya ƙare, ki kai ta gidan raino, amma ƙarami.

Ɗana na biyu yana da wata shida na kai shi wani wuri mai jarirai tara da masu raino uku. Kowace da nata ukun, ba a canza hannu. Wadda ta riƙe nawa dattijuwa ce mai surutu, Allah Ya saka mata da alheri. Wata rana na tashi aiki da wuri, sai na leƙa ta taga. Ta kwantar da shi rub da ciki, ita ma ta kwanta suna kallon juna. In ya ce "ba-ba" ta mayar masa, ta yi shiru har sai ya sake. Na daɗe a tsaye ban shiga ba. A irin wannan mayar da gwarancin jariri yake tsintar magana, ba a tarin kayan wasa ba. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ma sun ce wanda bai fara rarrafe ba ya samu aƙalla minti 30 rub da ciki a rana, kaɗan-kaɗan, idonsa biyu, kuma ɗan ƙasa da shekara ɗaya ba shi ba kallon waya ko talabijin.

Aibin wurin ɗaya ne, mura. Watannin farko majina ba ta yanke masa ba, daga baya ta lafa.

'Yar raino a gida kuwa ita na ɗaukar wa babbar 'yata. Ba a fita da yarinya da sassafe, iyakar yabon da zan yi ke nan. Waya ce ta yi rainon, kuma wata huɗu ta tattara kayanta ba sallama.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da gidajen raino masu fenti mai kyau da daɗin baki. Ranar da kika je dubawa za ki tarar da ma'aikata birjik, ranar aiki mace ɗaya ce da jarirai goma. Ki faɗa musu da rana tsaka ba sanarwa, ki ƙirga da idonki: mai raino ɗaya kada ta wuce jarirai uku ko huɗu. Duk inda aka tsayar da ke a bakin ƙofa, ki juya. In kin shiga kin ji ɗaki tsit, kowa na sharar barci lokaci guda, ki tambaya, don akwai marasa tsoron Allah da ke ɗura wa yara maganin mura mai sa barci. Ki duba kuma ko rigingine ake kwantar da su, kowa a gadonsa, ba filo.

Ki ce a nuna miki firjinsu. Nonon da kika tatsa awa 4 yake yi a waje, a firji kuwa har kwana 4. Ki rubuta sunan yarinyar da kwanan wata a jikin kowace kwalba.